Yadda Ake Tsufa Cikin Wata Guda Kafin Masu Ɗiban Aikin Dogo Su Iso

Kai mai karatu, in kana cikin bayin Allah da aka jarrabta da lafiya, shekaru sun yi nisa amma jiki ya yi kunnen ƙashi, to gyara zama. Na yi maka alkawari, in ka bi matakai bakwai ɗin nan ba tare da ha'inci ba, cikin kwana talatin za ka tsufa, tsufa na sosai, irin wanda ko maƙiyinka ya gan ka sai ya ce sannu. Ba a taɓa bin hanyar nan an ji kunya ba. Gaskiya mutum ɗaya ne ya taɓa bin ta, amma shi ɗin ya dace.

Mutumin kuwa shi ne Gwadabe masunci, na wani ƙauyen bakin ruwa tsakanin Kirikasamma da Guri. A shekarar da layin dogo ya baro Kano ya doshi Nguru, aka aiko wa kowane bulama, wato mai gari, ya ba da ƙarti, su je wajen Birniwa su yi wata uku suna ɗaukar ƙasa a ka. Ba a tambayar mutum ko yana so. Tsoho da majinyaci kaɗai aka ɗage wa, su ma sai wani Bature likita ya zo Kirikasamma bayan wata ɗaya ya duba su ya yarda. Bulama Umara ya zaɓi mutum goma sha biyu, Gwadabe ne na huɗu.

Gwadabe kuwa ya haura saba'in. Ya ɗauki hularsa sai ƙofar Bulama.

"Bulama, ranka ya daɗe, ni fa na ci tuwon sunanka."

"Na sani, Baba."

"Ni na kamo tarwaɗar da aka yi wa mahaifiyarka romo."

"Duk an ba ni labari, Baba. Amma Baturen bai zo sunan ba. In na kai ka na ce tsoho ne, cewa zai yi na raina masa hankali. Dubi ƙirjinka, don Allah. Shekaranjiya a gabana ka saɓi maraƙi ka ƙetare ruwa da shi. Ka je wurin likitan, in ya ce ka tsufa, wallahi ni ma na fi son haka."

Ba aikin ne ya tsorata Gwadabe ba, ɗaukar ƙasa a wurinsa hutu ne. Matarsa Gumsu ce damuwarsa. Shekara shida ke nan da idonta ya rufe, 'ya'yan da suka haifa kuma duk sun riga su. Shi ke ɗebo mata ruwa, shi ke yo mata itace, shi ke jan ta zuwa gaɓa kowace safiya ta zauna tana gyaran kifi da lalube. Ga shi wata ukun ya faɗo daidai lokacin da ruwa ke janyewa daga fadama, kifi na taruwa a tafkuna, masunci na bandar abin da gidansa zai ci har wata damina. In ya tafi, Gumsu za ta zauna ita kaɗai cikin duhu, babu mai jan ta, babu abin sawa a tukunya. Ya ji tsoro irin wanda bai taɓa ji a cikin ruwa ba. Don haka ya yanke shawarar ya tsufa kafin likita ya iso, kuma ga yadda aka yi.

Mataki na ɗaya: Ka amsa laifinka

Babu wanda ke kai wa saba'in da ƙarfinsa haka siddan. Akwai abin da kake yi a ɓoye ko a fili, kuma ba a samun magani sai ka amsa. Zauna ka tuhumi kanka.

Da Gwadabe ya tuhumi kansa, abin ya yi muni. Tun yana ɗan shekara bakwai kullum sai ya kifa cikinsa a kan gora, ƙaton duman nan da masunta ke hawa, yana tuƙi da hannu da ƙafa yana jan koma, ragar kamun kifi. Yana cin kifi safe da yamma. Miyarsa kuka ce da zogale, tuwonsa na gero. Kasuwar Hadejia da ƙafa yake zuwa, yini guda tafiya, yini guda dawowa, yana gwaguyar goruba a hanya da haƙoransa da babu ko ɗaya da ya yi girgiɗi. Ana idar da isha ya kwanta. Bai taɓa sa taba a bakinsa ba. Mafi muni duka, mutum ne mai dariya, in yana yi a tsakiyar tafki ana jiyo shi a cikin gari.

Masana sun yi dogon bincike a kan wannan, wato ni da wani wanzami da muke hira ran kasuwa. Mun tabbatar cewa duk wanda ya haɗa waɗannan halaye ya jawo wa kansa. Ciwon gwiwa zai zo ƙofarsa ya yi sallama sau uku, bai samu amsa ba ya wuce gidan maƙwabci. In ka samu ko rabin waɗannan a jikinka, kada ka yi kuka, akwai gyara.

Mataki na biyu: Ka nemi gwani

Tsufa sana'a ce, ba a koyon ta a wurin wanda bai iya ba. Kowane gari yana da gwaninsa, kuma ba shi da wuyar samu. Yana nan inda ka bar shi bara.

Gwanin ƙauyen su Gwadabe shi ne Fannami, mai zama gindin tsamiyar ƙofar masallaci. Gwadabe ya girme shi da shekara takwas, amma in baƙi suka zo Fannami suke fara gaisarwa, sannan su tambaye shi ko wannan ƙaton ɗansa ne. Haƙori uku suka rage masa, su ma ba sa ga maciji da juna, kowanne yana kusurwarsa.

Gwadabe ya zauna kusa da shi ya faɗi buƙatarsa. Fannami ya ƙare masa kallo, ya tsartar da yawun taba.

"Yaya Gwadabe, ka makara. Ni shekara ashirin na yi ina wannan aiki. Kana can kana wasa da ruwa, ni ina nan zaune, rani da damina, ban taɓa fashi ba. Yanzu ka zo in ba ka duka cikin wata ɗaya?"

"Ka taimaka, Fannami. Saboda Gumsu ne."

Da ya ji sunan Gumsu sai ya sassauta. "To, yi tari in ji."

Gwadabe ya yi tari. Kajin da ke kiwo a gindin tsamiya suka watse, liman ya leƙo daga masallaci.

"Wannan ba tari ba ne, tsawa ce," in ji Fannami. "Aiki na gabanmu. Ka riƙe doka ɗaya. Duk abin da jikinka ya ce yana so, ka hana shi. Duk abin da bakinka ya ce yana so, ka ba shi."

Rubuta wannan doka ka rataya inda za ka riƙa ganinta kana kwance.

Mataki na uku: Ka zauna

Nan ne zuciyar ilimin. Mutane suna zaton tsufa ta kai yake shiga, don can furfura take. Kuskure ne babba. Ta cinya yake shiga. Naman jiki ba ya zama inda ba a aiki da shi. Ka bar shi kwana goma ba ka ce masa komai ba, sai ya ɗauka an sallame shi, ya fara haɗa kayansa.

Gwadabe ya rataye gora a rumfa, ya naɗe koma, ya shimfiɗa tabarma. Maƙwabciyarsu 'Yar'azumi ta yarda za ta riƙa ɗebo musu ruwa da itace na wata ɗaya, ta kuma rantse ba za ta ƙara ko kwana ɗaya ba, don ita ma mijinta yana cikin goma sha biyun, ga 'ya'ya shida.

Kada ka ɗauka zama abu ne mai sauƙi. Ranar farko Gwadabe yana zaune yana tunani, bai ankara ba sai ya tsinci kansa tsamo-tsamo a tsakiyar tafki. Rana ta biyu ƙafafunsa suka kai shi har gonar wani, ya taya shi yankan shinkafa, sai da aka yi masa godiya ya tuna. Rana ta uku ya samo igiya ya ɗaure babban yatsan ƙafarsa a dirkar rumfa, ba ya kwancewa sai sallah, ita ma a gida. Daga nan abin ya fara kama hanya.

Gumsu tana jin duk abin da ake ciki daga bakin murhu.

"Malam, tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa jin ka zauna wuri ɗaya har inuwa ta juya ba. Wannan abu bai kwanta mini ba."

"Don ke nake yi, Gumsu."

"Na sani. Shi ya sa ban ce ka tashi ba."

Shawara ga mai koyo: in wani abu ya faɗi, kada ka ɗauka. In akuya ta shiga rumbu, ka yi mata addu'ar shiriya daga inda kake.

Mataki na huɗu: Ka gyara tukunya

Ka yi ban kwana da kifi. Ka yi ban kwana da duk wani ganye. Ka rungumi alewa da nakiya da kitse da ƙosai mai ɗigar mai. Gishiri kuwa a zuba har harshe ya tsage, don shi ke sa jini ya riƙa buga ganga a kunne. Tsakanin wannan da wancan ka riƙa cusa goro da taba gari mai kanwa. Ranar farko duniya za ta juya maka, ka riƙe dirka, alamar nasara ce.

Gwadabe ya kwashe sauran bandarsa ta bara aka musanya masa da waɗannan kayan alheri, ya duƙufa. Amma ran kwana goma sha biyu Fannami ya sa aka ɗauko shi a jaki ya zo duba ɗalibinsa. Ya buɗe masa ido, ya matsa masa dantse, ya girgiza kai.

"Idon nan har yanzu yana walƙiya. Yaya Gwadabe, akwai mai yi maka zagon ƙasa a cikin gida."

Gwadabe ya sa ido. Da la'asar sai ya ga Gumsu ta kwance gefen zanenta, ta fito da busasshen kifi, ta murje shi a tafin hannu ta watsa a tukunya.

"Gumsu! Ashe ke ce?"

Ba ta ko firgita ba. "Ni ce. Shekara hamsin ina sa kifi a miya, hannuna bai san wata hanya ba. Kuma ina jin numfashinka, Malam. Da ba na jin sa sai na kasa kunne, yanzu daga bayan ɗaki nake jiyo shi. Ni ban iya lalata ka da hannuna don Bature ya ji daɗi ba."

"In ban lalace ba tafiya da ni za a yi."

Ta miƙa masa sauran kifin da ke zanenta, ya ba 'Yar'azumi. Daga ranar ta daina, amma ran nan ba ta ci komai ba, shi ma alewar ta ƙi wucewa. Irin wannan rauni yakan samu ɗalibi. Ka sha ruwa ka ƙara wata.

Mataki na biyar: Ka rabu da mutane, ka koyi nishi

Hira tana hana tsufa, dariya kuma ta fi ta sharri. Ka daina zuwa majalisa. In an zo gaishe ka, ka ce an makara. In an ba da labari mai daɗi, ka ce na zamaninku ya fi. Ka yi barci da rana don dare ya same ka ido biyu. Cikin mako guda za ka ga fuskarka ta zazzago da kanta.

Nishi iri uku ne, kamar yadda Fannami ya koyar. Akwai gajere, na juyawa a kan tabarma. Akwai dogo mai ƙarewa da sunan Allah, na lokacin da aka tambaye ka jiki. Akwai kuma wanda ba shi da dalili, ana yin sa ne kawai don kada a manta kana nan. Gwadabe ya ƙware a na ukun har jakin Bulama ya fara amsa masa.

Ran kwana ashirin da tara ya leƙa cikin randa ya ga fuskarsa. Kumatu sun faɗa, ido ya yi ja, haƙori biyu suna rawa. Ya yi murna, ya ce da kansa ai kwaikwayo ne, jibi war haka zai cire shi kamar riga ya koma ruwa.

Mataki na shida: Ka gaida likita

Ran gwaji aka ɗora Gwadabe a jaki, Bulama Umara yana ja, sai Kirikasamma. A filin kasuwa suka tarar da masu neman tsufa wajen arba'in daga ƙauyuka. Wani ya shafa toka a gemu, gumi ya wanke rabi. Wani ya riƙe sanda biyu. Wani saurayi sharɓeɓe ya lanƙwashe yana kiran jikokinsa, alhali ko aure bai yi ba. Gwadabe ya dube su ya ji tausayinsu, don babu wanda ya yi karatu a cikinsu.

Likita yana zaune a kujera a inuwar wani gawo, tafintansa na tsaye a gefe, ɗan doka na riƙe da bulala. Kowa ya san talaka ba ya gaida babba a tsaye. Aka tuɓe takalma, aka zube gaba ɗaya, kowa ya tsuguna a kan dugadugansa ana "Zaki! Zaki!" Gwadabe ya shirya nishinsa, ya shirya tarinsa, ya shirya labarin annobar shanu da ya gani da idonsa yana da gemu.

Likita bai tambayi kowa komai ba. Bai buɗe akwatinsa ba, bai leƙa bakin kowa ba. Ya ciro lofe ya cika da taba ya kunna, ya bar su a tsugune. Sai da tabar ta cinye ƙurmus sannan ya ɗaga wa ɗan doka yatsa. Ɗan doka ya kaɗa bulala a ƙasa, fyau, ya daka tsawa.

"Kowa ya tashi!"

Wanda ya saba da tsawar hukuma ba ya tsayawa tunani. Mai toka ya miƙe zumbur. Mai sanda biyu ya miƙe ya bar sandunan a ƙasa. Mai jikoki har da ɗan tsalle. Gwadabe ma ya manta komai, ya manta Fannami, ya manta wata guda na wahala, ya yunƙura da dukkan zuciyarsa kamar yadda yake miƙewa shekara saba'in. Zuciyar ta tashi, jikin bai bi ta ba. Ya sake yunƙurawa. Cinyoyinsa suka ɗauki rawa, gwiwar hagu ta yi ƙara, ya tafi luu ya faɗi a gefe guda, hula ta gangara. Ya dafa ƙasa da hannu biyu, nan ma sai da Bulama ya kama shi.

Tafinta ya yi gyaran murya. "Likita ya ce furfura tana ƙarya, haƙori ma yana ƙarya, amma cinya ba ta iya ba. Duk wanda ya miƙe bai dafa ƙasa ba, ya koma hannun hagu, gobe sai Birniwa. Wannan Baba kuma a kai shi gida a hankali, kada a bari jaki ya yi gudu."

Mutum biyar kaɗai suka tsira, Gwadabe ne zakaransu. Labari ya riga su isa gida. Suna zuwa gindin tsamiya Fannami ya ɗaga hannu yana washe haƙoransa uku.

"An ce ba a taɓa ganin faɗuwa mai kyau irin taka ba. Ni ban koya maka ita ba. A ina ka samo?"

"Ban samo ba," in ji Gwadabe. "Tashi na so in yi."

Fannami ya matsa gefe, ya share masa wuri a kan tabarmarsa. "Lale. Zo ka zauna, yanzu ka zama namu."

Gwadabe ya dubi wurin da aka share masa. Ya ce da Bulama ya ja jaki su wuce.

Mataki na bakwai: Ka mayar da tsufan inda ka ɗauko shi

A nan, don Allah ka yi mini uzuri, ilimina ya ɗan yi rauni.

Washegari Gwadabe ya sauko da gora, ya ce Gumsu ta kama gefen rigarsa. Tsakanin gida da gaɓa sau uku yana tsayawa hutu, makauniya tana tsaye tana jiran ɗan jagora. Ya tura gora cikin ruwa ya kifa cikinsa a kai, gora ta juye da shi. Ya sake hawa, ta sake juyewa. A karo na uku mata masu wanki ne suka jawo shi ta ƙafa, yana amayar da ruwa da ganyen bado. Can nesa sauran masunta suna ta ciko ƙorai da karfasa.

Da suka koma gida ya zauna a ƙarƙashin rumfa ya yi kuka, kuka na gaske, ba ya cikin darasin Fannami.

"Na tsaya don in riƙe ki, Gumsu. Ga shi ko kaina ba na iya riƙewa. 'Yar'azumi ta cika kwanakinta, kifi yana wucewa, me za mu ci?"

Gumsu ba ta lallashe shi ba. Ta laluba ta tattara sauran alewa da taba ta zuba a toka. Ta aika wa matan masunta, aka kawo mata ƙananan kifi irin waɗanda ake zubarwa, ta yi miyar kuka. Tana cikin kaɗawa sai ga ƙara a ƙasa.

"Malam, ludayi ya faɗi."

Ya yi nishi gajere, ya rarrafa, ya tsuguna, ya ɗauka, ya dafa turmi ya miƙe da ƙyar. Bai koma tabarma ba sai ga wata ƙara.

"Malam, muciya."

Bayan muciya faifai, bayan faifai tsintsiya, bayan tsintsiya ludayi kuma. Matar da ta shekara shida ba ta gani ko allura ba ta taɓa kuɓuce mata ba, yanzu a yini sai ta yar da abu talatin. Ta koma mai mantuwa kuma. Sai sun dawo daga gaɓa ta tuna ta bar wuƙarta a can, in ya ɗauko ta tuna da ƙwarya. Ran nan har ta ce tana jin ta manta carbinta a Guri, garin da rabonta da shi tun tana amarya.

Ran kwana tara ya kama ta. Yana kallo ta riƙe ludayi, leɓunanta suna motsi tana ƙirga numfashinsa, da ta ji ya daidaita sai ta auna ta wurga ludayin can ƙarƙashin rumbu. Ya je ya tsuguna ya ɗauko.

Abin da aka rushe cikin wata ɗaya sai da ya ci wata biyu ana gini, kuma bai koma daidai ba. Haƙoran nan biyu sun tafi. Gwiwar hagu har yau ita ke fara sanin hadari kafin kowa a garin. Amma gora ta daina juyewa, ya samu wutsiyar kamun bana, rabin abin da ya saba, suka yi banda.

Wata hantsi ludayi ya faɗi kamar kullum. Gwadabe ya tsuguna ya ɗauka, ya miƙe tsam, sai da ya tsaya ƙyam sannan ya ga hannunsa bai taɓa komai ba.

"Gumsu! Ban dafa ba! Wallahi ban dafa ba!"

Don murna ya sake tsugunawa ya miƙe, ya sake, har sau uku, yana ƙyaƙyata dariyar nan tasa. Da ya juya sai ga Bulama Umara tsaye a bakin ƙofa. Ya yi sallama ba a ji ba, ya shigo kamar yadda ya saba tun yana rarrafe. Kowa a garin ya san abin da ke yawo da shi gida-gida: waɗansu cikin 'yan dogo sun dawo da ciwon ƙirji, an aiko ya cike gurbinsu da mutum huɗu kafin Juma'a, ya samu uku.

Gumsu ta ji takun, ta gane mai shi. Ta laluba ta kama gefen rigar mijinta, ta naɗe shi a hannunta sau biyu.

Bulama ya dubi Gwadabe da ludayi a hannu. Ya dubi hannun Gumsu. Ya daɗe yana duban hannun. Sannan mutumin da bai fi arba'in ba ya kai yatsu ya murza idonsa, ya ƙanƙance su, ya miƙa wuya.

"Wa ke nan? Baba ne? Ikon Allah. Idon nan nawa kwana biyu sai dishi-dishi, ba na rabe mutum da turmi. Shekaru ne, Baba, ba su bar kowa ba." Ya juya wajen Gumsu. "Iya, a riƙa ba shi romo. Ina jin nishinsa tun daga waje, har yanzu da saura."

Ya juya yana laluben danga, ya yi tuntuɓe da tulun da ke gabansa ƙiri-ƙiri, ya fita. Ran Juma'a mutum uku ya kai, ya sha wulaƙanci a gaban jama'a, bai ambaci sunan Gwadabe ba.

Gwadabe yana tsaye har takun Bulama ya ɓace. Gumsu ta saki rigar a hankali, ta share fuskarta da gefen mayafi, ta miƙa hannu ya sa mata ludayin. Ta jinjina shi, ta sake shi ƙasa.

"Malam, ya faɗi."

Wanke hannu

Ni dai tsufa na yi maka alkawari, kuma na cika. Ban ce zan karɓi abina ba in ka gama da shi. Duk haƙorin da ya fita, duk gwiwar da ta yi ƙara, duk gorar da ta juye da mutum a gaban mata masu wanki, babu ruwana, babu ruwan wanzami, Fannami kuma ya ce a gaya maka ba zai iya tasowa shaida ba. Ban lamunce maka bulama mai ciwon ido ba, ba kowane gari ke da shi ba. In kuma ka duba cikin gidanka ba ka ga mai yar maka da ludayi sau talatin a yini ba, to kada ka soma ko mataki na ɗaya. Tashi ka tafi Birniwa tun ƙafarka tana jin maganarka.